Baki Kafin Usur

Jama'a masu sauraro, akwai maganar da na gaji da ji a bakin wasu masu bin ƙwallon kwando. Da zarar alƙalin wasa ya matso ya ce wa mai tsaro "cire hannunka daga jikinsa", ko ya ce wa dogon da ya kafe a ƙarƙashin kwando "fita, daƙiƙa ukun da doka ta ba ka a nan za ta cika", sai a hau shi da suka. Wai ya yi sassauci, wai ya koma koci, wai aikinsa busa usur kawai. Masu wannan magana ba su karanta dokar da suke cewa suna karewa ba.

Su buɗe kundin FIBA, hukumar da ke kula da wasan a duniya tun 1932. A sashen laifin rashin ɗa'a, wanda 'yan wasa ke kira tekinikal, an rubuta ƙarara cewa alƙalai na iya hana aukuwarsa ta hanyar gargaɗi, har su kau da kai daga ƙaramin kuskuren da ba da gangan aka yi ba kuma bai shafi wasan ba, sai fa in an maimaita bayan an ja kunne. A wani sashen an umarci alƙali ya auna ko gogayyar jiki ta ba wani rinjaye ko ta tauye wani. Ke nan gargaɗi yana cikin doka. Alƙalin da ya yi magana kafin ya busa, doka ya bi.

Ku dubi yadda wasan yake. Ƙarti goma a fili mai tsawon mita 28 da faɗin 15, suna gudu suna tsalle, dole jiki ya taɓa jiki. A dokar FIBA, laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, kuma da ƙungiya ta tara laifi huɗu a zango ɗaya cikin zanguna huɗun wasa, na gaba jifa biyu ne kyauta ga abokan hamayya. To in alƙali ya ce duk taɓi sai ya busa, kafin hutun rabin lokaci gwanaye suna benci, wasa ya koma tsayuwa a layin jifa, rai ya ɓaci, koci ya fara ihu, sai kuma a shiga rabon tekinikal. Wutar da kalma ɗaya za ta kashe a minti na biyu ita ce ke cin fili a minti na talatin da takwas.

A watan Afrilun 2007, a gasar NBA ta Amurka, Joey Crawford, alƙalin da ya shekara talatin yana wannan aiki, ya kori Tim Duncan na San Antonio Spurs daga wasa. Tekinikal na biyu, wanda shi ke jawo kora, ya same shi yana zaune a benci yana dariya. Shugaban gasar na lokacin, David Stern, ya dakatar da Crawford har ƙarshen kakar. Ba wanda ya ce mutumin bai san doka ba. Magana cikin natsuwa ce ta gagare shi a ranar.

Akwai tsoro ɗaya da nake ɗauka da gaske: son kai. Tauraro a ja masa kunne, sabon yaro a busa masa. Wannan yana faruwa, kuma zalunci ne. Amma maganinsa ai ba a ɗinke bakin alƙali ba ne. A yi wa kowa gargaɗi iri ɗaya, sau ɗaya, da murya yadda ɓangarorin biyu za su ji. Wanda ya sake, a busa, ko shi wane ne. Abin da aka hana a zangon farko a hana shi a na huɗu.

Kuma kada a juya mini magana. Gwiwar hannu a fuska ba ta jiran gargaɗi. Fizgo mutum yana sama ba ya jiran gargaɗi. Nan take ake busawa, a hukunta.

Roƙona ga masu horar da alƙalai da masu tantance su shi ne, in sun zauna kallon bidiyon wasa, su daina ƙirga usur kaɗai. Su saurari abin da alƙali ya faɗa wa mai tsaro a farkon wasa, su duba ko ya tsaya ya ji koken koci kafin ya kai ga hukunta shi, sannan su ba shi maki a kan haka.