Rawar tsohuwar a-kori-kura: daga ina take tasowa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan Hilux da kuke gani a bayana hatsi take ɗaukowa daga kasuwar Kumo zuwa Tudun Hatsi a nan cikin Gombe, kuma ta girmi wasu daga cikin yaran garejin nan. Mai ita ya kawo ta da kuka ɗaya: "Oga, motar nan rawa take yi." Kafin ya iso wurinmu ya riga ya sayi taya biyu, an yi masa balansin har sau biyu, an canza shokazoba, amma rawa tana nan daram. Abin da ke ci mini rai ke nan. Kuɗin da mutum ya yi gumi ya tara sun tafi a kan canki-canka, alhali motar da kanta tana faɗin inda ke mata ciwo, sai dai ba a saurare ta ba.

Kafin ka taɓa sifana, tambaya biyu za ka yi. Yaushe rawar take zuwa? Kuma a ina kake jin ta, a hannu ko a mazauni?

Mu fara da mota a tsaye. Ka tayar da ita, ka bar ta a silo, giya a firi. In tana karkarwa a nan, to ka cire taya da farfela (bututun da ke kai ƙarfi zuwa ƙafafun baya) daga lissafi, tunda babu abin da ke juyawa sai inji. Mai fetur, a duba fulogi da wayoyinsa, wataƙila silinda ɗaya ba ta cin wuta. Mai gas, wato dizal, kuma a duba nozul. In injin yana tafiya sumul amma bodi na kyarma, ka leƙa robobin da injin ke zaune a kansu, waɗanda muke kira injin sit. In sun tsage ko baƙin mai ya jiƙa su sun lotse, ƙarfe ke zama kan ƙarfe. Ka kuma dubi fanka, domin fiffike ɗaya in ya karye ya isa ya girgiza gaban mota.

Tamu a tsaye lafiya lau take. Don haka sai titi.

Ka nemi miƙaƙƙen titi mai santsi wanda babu cunkoso, ka ƙara wuta a hankali, idonka a kan malejin gudu. Ka riƙe lambar da rawar ta fara. Da ta kama sosai, sai ka taka kuloci ka saki totur, ka bar motar ta gangara da kanta na ɗan lokaci. Kada ka kashe inji, don birki da sitiyari na bukatarsa. In rawar ta ɗauke da zarar ƙarar inji ta sauka, laifin na ɓangaren inji ne ko kuloci. In kuwa ta ci gaba har sai da gudun motar ya ragu, to abin da ke juyawa tare da ƙafafu ne, ko taya ko farfela.

Ga yadda ake raba su, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Tayar irin wannan mota, zagaye ɗaya tana cin ƙasa wajen mita 2 da ɗan ɗoriya. A gudun kilomita 80 tana juyawa kusan sau 10 a daƙiƙa guda. Ita kuwa farfela, wannan dogon bututun da ke kai ƙarfi daga giya zuwa aksil ɗin baya, tana juyawa kamar sau 4 kafin taya ta zagayo sau ɗaya, wato kusan sau 40 a daƙiƙa. Shi ya sa rawar taya jijjiga ce, za ka ga sitiyari na kaɗawa a hannunka, har kana iya bin ta da ido. Rawar farfela kuwa tsuma ce mai sauri, kamar ka ɗora tafin ƙafa a kan injin niƙa. Daga ƙarƙashin kujera take tasowa, madubin tsakiya ya dushe, ka kasa gane motar da ke bayanka.

In ta taya ce, ta gaba a sitiyari ake jinta, ta baya a kujera, kuma rashin balansin ya fi bayyana tsakanin kilomita 80 zuwa 110. Amma kafin ka je wurin mai balansin, sa hannu a cikin rim. Da damina, motar da ke shiga ƙauyukan Dukku ko Nafaɗa takan kwaso taɓo ya bushe a gefe ɗaya, kuma wannan dunƙulen kaɗai ya isa. Ka gwada notocin taya. Ka ɗaga ƙafar da jak, ka juya ta a hankali kana kallon saman tayar: in ta yi ƙusumbi a wani wuri, wayar ciki ta rabu, babu balansin da zai gyara ta. Irin wannan ko a gudun kilomita 20 za ka ji motar na ɗingishi. Masu sayen taya 'yar gwanjo, ku dubi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2018. Tun ƙafar na sama, kama ta sama da ƙasa ka girgiza: in da wasa, boris ne ko bol joyin. Kama ta hagu da dama: in da wasa, tayarod ne.

Rawar da ba ta zuwa sai an taka birki ba ta da wuyar ganewa. In sitiyari ya kaɗa, faifan birkin gaba ne ya lalace. In fedar ce ke harbin ƙafarka, kujera na amsawa, a duba diram na baya.

To mu dawo kan motarmu. Ita tsuma take yi daga kilomita 60, madubi ya dushe, na taka kuloci ba ta daina ba. Sai muka shiga ƙarƙashi. Don Allah, 'yan'uwa, kada wanda ya kwanta ƙarƙashin mota da jak kaɗai. A kafe tayoyi da dutse gaba da baya, a tokare ta da abin da ba zai goce ba, sannan a sa giya a firi don farfela ta saki jiki.

Ku matso ku gani. Wannan mahaɗin mai kai huɗu shi ne kuros. Ka riƙe farfela da hannu ɗaya, ka murɗa ɗaya ɓangaren. Bai kamata ka ji ko ɗan ƙas ba. In ka ga jan gari kamar barkono a bakin kofunansa, giris ya ƙare, alluran ciki suna cin junansu. Irin wannan ne ke yin ƙwam idan ka sa giya za ka tashi. Kada a yi wasa da shi, musamman na gaba, domin in ya tsinke a kan gudu, kan farfela ƙasa yake faɗowa ya caki kwalta. A tsakiya kuma ga santa boris a cikin robarsa. In robar ta yage, motar na ɓari lokacin tashi, balle da lodi. Haka ma sifirin da buhuna suka kwantar, yana canza kusurwar da farfela ke haɗuwa da aksil, kuros ya riƙa aiki a karkace.

Duk waɗannan a motar nan lafiyarsu ƙalau. Sai na tambayi mai ita: "Alhaji, wane aiki aka yi mata na ƙarshe kafin rawar ta fara?" Ya yi shiru, ya ce an canza kuloci. Wanda ya yi aikin ya raba farfelar gida biyu bai sa alama ba, da zai mayar sai haƙoran suka goce daga mazauninsu. Ku dubi kunnuwan kuros na wannan kai, ku dubi na wancan: ya kamata su kalli waje ɗaya, amma ga shi sun saɓa. Kuros in yana aiki a kusurwa ba ya juyawa da gudu ɗaya, yana sauri yana lafawa sau biyu a kowane zagaye, kuros ɗin da ke ɗaya kan farfelar shi ke goge wannan bambanci. Da sun saɓa, maimakon su kashe rawar juna sai su haɗu su ƙara ta.

Mun zare, mun daidaita, mun ja layi da farin fenti a kan mahaɗin saboda wanda zai kwance ta nan gaba, mun ɗura giris. Yanzu ga mu a hanyar Bauchi, allura na kan 80. Ku kalli madubin nan, har lambar motar da ke bin mu ana karantawa.