Irin akwatin da ya dace da 'yar mesa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Manchesta nake magana, ina gaida mutanen Kabi baki ɗaya, na Birnin Kebbi da Argungu da Jega da Yawuri har Zuru. Tun da na nuna muku 'yar mesar nan da nake kiwo, saƙonni suke ta shigowa. Wasu na cewa Allah ya shirye ni, na gode da addu'a. Wasu kuwa da gaske suke tambaya, musamman ɗalibai masu karatun dabbobi, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce: a cikin me ake ajiye ta, kuma yaya girman wurin zai kasance tun tana ƙarama?

Bari in matso da kamara ku gan ta. Kun ga yadda ta dunƙule ta cusa kanta a tsakiya? Haka take yi idan ta tsorata, ba ta da dafi, ba ta kuma cika sara ba. Masu sayar da ita a nan suna kiranta ball python ko royal python, a littattafan kimiyya kuma Python regius. Ba irin ƙatuwar mesar da ke haɗiye akuya ba ce. Wannan ko ta gama girma, tsawonta yakan tsaya tsakanin santimita 90 zuwa 150, matan sun fi mazan jiki. Asalinta kuma wajenmu ne, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, daga Sanagal har Sudan da Yuganda, Nijeriya na ciki. Mafi yawan waɗanda aka fitar zuwa Turai da Amurka daga Gana da Togo da Binin suka fito, Binin ɗin nan da muke iyaka da ita ta wajen Bagudo. A garin Wida na can kudancinsu har ɗakin bauta suke da shi na irin wannan mesa. Kwasar da ake yi mata ta sa a shekarar 2021 ƙungiyar IUCN, mai kula da kare halittu a duniya, ta saka ta cikin dabbobin da suka kusa shiga haɗarin ƙarewa.

Kafin in ci gaba, don girman Allah kada wani ya kalli bidiyon nan ya je gona ya kai hannu kan maciji don ya ga yana da zane da kauri. Kasa ma gajeriya ce mai kauri da zane, kububuwa kuma kowa ya san ɓarnar da take yi wa manoma da makiyaya. Tawa a hannun mai kiwo aka ƙyanƙyashe ta, nan ƙasar.

To, mu zo kan akwati. Duk wanda zai yi wa dabba wurin zama, ya fara tambayar inda take kwana a daji. Ita wannan yini take yi a cikin ramin ɓera ko na gafiya, ko cikin tsohon suri da gara ta bari. Can ciki akwai duhu, akwai danshi, zafin bai cika hawa da sauka ba, kuma jikinta na taɓa bango ta kowane gefe. Sai rana ta faɗi take fitowa neman abinci. Ke nan abu biyu take buƙata a lokaci guda: matsattsen wurin ɓuya da rana, da filin yawo da dare. Yawancin gardamar da masu kiwo suke yi, wani ya riƙe na farko ne ya manta na biyu, wani ya riƙe na biyu ya manta na farko.

Idan ka shiga shagon dabbobi a nan, akwai mai ce maka ƙaramar mesa ƙaramin akwati take so, wai babban wuri yana firgita ta har ta daina cin abinci. Akwai gaskiya a ciki, domin na ga waɗanda suka ƙi ci bayan an sa su a babban akwati. Amma ka leƙa akwatin ka gani: gilashi ta ko'ina, fitila a sama, maɓoya guda ɗaya ƙatuwa, kwanon ruwa, shi ke nan. Kamar ka ɗauki yaron goye ka ajiye shi shi kaɗai a tsakiyar filin idi. Abin da ya firgita ta shi ne sarari, ba ta da inda za ta raɓa. A daji shaho da tunku da sauran masu farauta suna cin ƙananan macizai, don haka jininta ya san cewa fili mutuwa ne. Ka cika babban akwati da maɓoya da ganyaye da rassa yadda za ta tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan ba tare da an gan ta sosai ba, za ka ga ta sake.

Ga lissafin yadda nake bi. Ranar da ta fito daga ƙwai tsawonta santimita 25 zuwa 40 ne, nauyinta bai kai giram 100 ba. A wannan lokaci akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 40 ya ishe ta na wasu watanni. In kana da hali, ka fara da mai tsawon santimita 90, faɗi 45, tsayi 45, wato ƙafa uku, zai kai ta shekara ɗaya ko fiye. Wannan da kuke gani a bayana shi ne irinsa. Idan ta girma kuwa, mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi shi ne santimita 120 da 60 da 60, ƙafa huɗu da biyu da biyu. Ma'aunin da ya fi sauƙin riƙewa: ta iya miƙewa sambal a gefen akwatin ba tare da ta lanƙwasa ba. Ran da ka ga tsawonta ya kusa cinye tsawon akwatin, lokacin ƙaura ya yi.

Kuma ka yi wannan lissafin tun kafin ka saye ta, domin dabba ce mai tsawon rai. Shekara 20 zuwa 30 ba abin mamaki ba ne a hannun mai kula. A gidan namun daji na Sant Luwis a Amurka, a 2020, wata mai kimanin shekara 62 ta yi ƙwai. Wanda ba shi da wurin ajiye akwatin ƙafa huɗu nan da shekara uku, gara ya haƙura tun yanzu.

Tsayin akwatin ma ina so in tsaya a kansa, don ana raina shi. Ana cewa ai mesar ƙasa ce, ba ta hawa. Amma wani bincike da aka buga a 1998, wanda aka yi a dazukan kudu maso gabashin Nijeriya, ya gano mazan suna cin tsuntsaye da yawa, alamar suna hawa bishiya ke nan. Ƙananan ma sun fi manyan son hawa, saboda jikinsu bai yi nauyi ba. Ku dubi reshen nan da na gicciya mata. Da dare idan na kashe fitila, sau da yawa a kansa nake samunta.

Yanzu nau'in akwati. Na farko shi ne na gilashi mai murfin raga a sama, irin na kifi. Yana da kyan gani, shi ya sa sababbin masu kiwo suke rububinsa, amma ni shi ne na ƙarshe a zaɓina. Zafi da danshi duk ta ragar nan suke gudu, ga shi kuma kullum hannunka ta sama yake zuwa mata kamar shaho. Wanda ya riga ya saya, ya rufe yawancin ragar ya bar kafar iska kaɗan, ya kuma manna takarda mai duhu a gefe uku.

Na biyu roba ce mai murfi, irin wadda ake ajiye kaya. A huda mata ƙananan ramuka a gefe don iska. Tana da arha, tana riƙe danshi, wanke ta ba wuya, kuma ga jaririyar mesa a watannin farko ba ni da ja a kai. Inda nake da ja shi ne masu barin ta cikin 'yar roba mara tsayi har tsawon ranta, an jera su kamar aljihunan kabad. Manyan masu kiwo don sayarwa haka suke yi, kuma macizan suna ci suna haihuwa. Amma a 2021 wasu masana a Jamus sun gwada mesa 35, suka ajiye su a irin waɗannan robobi sannan suka mai da su manyan akwatuna masu kaya a ciki. A manyan akwatunan sun riƙa hawa, suna shan ɗumi, suna shiga ruwa, a robobin kuwa an fi ganin suna ta tura baki a bango suna neman hanyar fita. Wannan ya ishe ni hujja.

Na uku na katako ne mai ƙofar gilashi a gaba, shi Ingilawa suka fi amfani da shi. Yana riƙe zafi sosai, sai dai danshi yana kumbura katakon idan ba a toshe gaɓoɓinsa da kyau ba. Na huɗu, wanda na fi so, na PVC ne, dangin abin da ake yin silin da shi a gida amma mai kauri. Ba ya shan ruwa, ba shi da nauyi, ƙofarsa ta gaba ce. Tsadarsa ce kawai matsala.

Ko wanne ka zaɓa, dole ya iya ba ka gefen ɗumi da gefen sanyi, domin maciji ba ya haɗa zafin jikinsa da kansa, matsawa yake yi daga nan zuwa can. Gefen ɗumi digiri 31 zuwa 33, gefen sanyi 24 zuwa 27. Nan ma wani dalili ne da ya sa ƙaramin akwati ƙwarai ba ya yi, duka ɗaukar zafi yake, ba ta da wurin gudu. Duk abin da zai ba da zafi, fitila ce ko shimfiɗar ɗumi, sai an haɗa shi da na'urar da ke yanke wuta idan zafin ya kai iyaka. Ba a sassauci a nan, don mesa takan kwanta a kan abu mai zafi har cikinta ya ƙone ba ta tashi ba. Danshi kuma kashi 55 zuwa 70 cikin 100, a ƙara idan idanunta suka yi fari-fari za ta yi saɓa. In iskar ta bushe, saɓar gutsi-gutsi take fita, wani lokaci ta maƙale a ido ko a ƙarshen wutsiya.

Maɓoya biyu aƙalla, ɗaya a kowane gefe, iri ɗaya, masu ƙofa guda, kuma matsattsu yadda bayanta zai taɓa rufin. In ɗaya ta fi ɗaya daɗi, a can za ta tare ko da zafin wurin bai yi mata ba. Ƙaramin kasko da aka kife aka fasa masa baki ya wadatar, a dai goge kaifin. A ƙasa ina zuba ɓawon kwakwa da aka daddatsa. Garin katako daga wurin masu yanka kada a sa, wasu itatuwan suna da mai da ke cutar da numfashinta. Sai kwanon ruwa mai nauyi wanda ba za ta kifar ba. Ƙofa kuwa a sa mata makulli. Duk kafar da kanta ya shiga, jikinta zai bi, kuma ƙarfinta ya fi yadda ido ke gani.

Na san duk wannan magana ta ƙasar sanyi ce, ni faɗana da sanyi ne. Ku da ke gida, musamman masu kula da irinta a makaranta ko gidan namun daji, naku faɗan daban. A Birnin Kebbi cikin Maris da Afrilu zafi yana wuce digiri 40, ita kuwa da zarar akwatin ya haura 35 ta shiga haɗari. Ɗaki mai rufin kwano ba silin ba wurinta ba ne a bazara. A nemi ɗaki mafi sanyi, a ajiye akwatin kusa da ƙasa, nesa da taga, kada rana ta taɓa shi ko na ɗan lokaci. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, dare ya yi sanyi, a lokacin ne roba ko PVC za su nuna amfaninsu, a sa gansakuka ko tsumma mai ɗan danshi a cikin wata maɓoya ta uku. Da damina a kula kada ƙasan akwatin ya jiƙe sharkaf, yana ruɓar mata da fatar ciki. Kwarkwasa da cinnaka suna iya kashe ƙaramar mesa a cikin akwati tunda ba ta da hanyar gudu, don haka a tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa. Maganin sauro na fesawa ko na kunnawa kada ya shiga ɗakin. Kafinta da mai aikin gilashi za su iya haɗa akwati mai kyau idan ka ba su awo, ka dai bari warin fenti da gam ya fita sarai tukuna.

A haɗa akwatin, a kunna komai, a yi ta duba ma'aunin zafi da na danshi na wasu kwanaki kafin a kawo ta. Idan ta zo, a ƙyale ta mako guda, ba ɗauka, ba nuna wa baƙi, sannan a gwada ba ta ɗan ɓera daidai kaurin tsakiyar jikinta. In ta karɓa, ta kuma sake karɓa bayan kwana biyar zuwa bakwai, wurin ya karɓe ta. In ta ƙi, kada a yi saurin sauya akwati, a fara duba zafi, a ƙara ganye da maɓoya.

Bari in mai da ta, ta daɗe a hannu. A bidiyo na gaba zan nuna muku yadda nake haɗa na'urar zafin da inda nake ɗora bakin ma'aunin. A gaida mutanen gida, sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.