Darasi: Tukunyar Baƙin da Ba Sa Cin Nama a Gidan Biki

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da hantsi daga nan Birnin Kebbi. Uwargida, ke da za ki aurar da ɗiya, ki matso kusa da rediyo. Yau darasinmu a kan tukunya ɗaya ne, wadda za ki ɗora saboda baƙon da ba ya cin nama.

Na san wata za ta ce, wa ke zuwa biki ya ƙi nama? Suna nan, 'yar'uwa, kunya ce ke hana su faɗa. Akwai wanda likita ya hana saboda ciwon ƙoda ko ciwon gaɓɓai. Akwai wanda tun yana yaro ko ƙarninsa ba ya so. Maƙwabtanmu Kiristoci 'yan ɗariƙar Katolika, irin waɗanda ke zuwa mana daga Zuru, ba sa cin nama ran Juma'a a cikin azuminsu na kwana 40, amma suna cin kifi. In kuwa ango yana aiki da mutanen Indiya, da yawansu ba nama, ba kifi, wasu har ƙwai ba sa taɓawa, sai dai madara da man shanu. Mu nan da aka ce ba nama sai mu ce to ga kifi, tunda ga Argungu ga Yauri. A'a, ki tambaya tukuna. Tun ana sauran mako 2 ki sa a tambayi dangin ango.

Ni ma sai da na yi kuskuren na koya. Wani biki da na yi wa girki, aka ce mini gwaggon ango ba ta cin nama. Na sa yarinyata ta tsame naman daga dafa-duka ta kai mata. Tsohuwar nan ta buɗe kwanon, ta sunsuna, ta mayar da murfi a hankali, ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗiyata." Zoɓo kawai ta sha har aka watse. Da romon rago na dafa shinkafar, ai naman yana ciki ko ba a ga tsoka ba. Har yau in na tuna hannunta a kan murfin nan sai zuciyata ta sosu.

Don haka tukunyar nan daban take tun daga farko. Ludayinta daban. Man da aka soya kaji da shi kada ya kusance ta. Dunƙulen ɗanɗano ma ki karanta jikin kwalinsa, wasu da ɗanɗanon kaza aka yi su. In kina shakka ki bar shi, daddawa ta ishe ki.

To, mu ɗora miyar taushe ta mutum 20. Ki samo kabewa matsakaiciya guda, manyan albasa 5, in kin dace da ta Aliero madalla, gyaɗa gwangwanin madara 4, tumatir, tattasai, attarugu, manja, daddawa, alayyafo da ɗan yakuwa, wadda wasunmu ke ce wa sure.

Ki saurara nan, don a nan ne miyar ke tashi ko ta faɗi. Abin da romo ke ba miya, albasa da daddawa ne za su ba ki shi. Ki yanka albasa 3 siri-siri, ki zuba a manja bisa wuta kaɗan. Kada ki yi gaggawa. Ki bar ta ta yi laushi, ta fara ja, har ƙamshi ya canza ya koma mai zaƙi-zaƙi, kamar minti 15. Sannan ki saka dakakkiyar daddawa a cikin man nan, ki juya ta ɗan soyu. Kada ki jira sai kin tsaida ruwa, don soyuwar ce ke kashe warinta ta bar daɗin. Sai jajjage da sauran albasar, ki soya har mai ya taso sama.

Yanzu ki tsaida ruwa, ki zuba kabewar da kika fere. Idan ta nuna ki farfasa ta da ludayi. Gyaɗar kuma ki ɗan soya ta sama-sama kafin a niƙa, ki dama da ruwa ki zuba, kina juyawa kada ta kama. Ganye shi ne ƙarshe.

Saura abin da haƙori zai kama, don baƙo ba ya son ya ga kwanonsa fayau alhali na kusa da shi na tauna. Awara ce maganin wannan. Waken suya fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa sinadarin gina jiki ne. Ki sa a yi miki ita ranar, ki yanka manya-manya, ki soya a sabon man gyaɗa har bayanta ya yi ƙarfi, ki jefa cikin miya ana sauran minti 10 a sauke. In kika sa da wuri dagargajewa za ta yi.

Ki haɗa da waina ko tuwon shinkafa, shinkafa dai ba mu rasa ta ba a Kebbi. Gefe guda ki ajiye dambu da zogale da ƙuli-ƙuli. In alale za ki yi, ki kula kada masu taya ki aiki su jefa kifi ko ƙwai bisa sabo.

Abu na ƙarshe, rabo. Kada a tsaya tsakar gida ana kira, ina mara cin naman nan? Ki sayi robobi masu murfi na wani launi daban, ki damƙa wa mace ɗaya mai hankali wadda ta san fuskokin baƙin, ta kai musu shiru. Kuma in mutum 10 aka faɗa miki, ki dafa na 20, don da masu cin nama sun ji ƙamshin daddawar nan za su miƙo kwano. Ki fara cire na baƙinki ki rufe, sauran ki bar wa jama'a.