Na Kan Falwaya da Na Ƙasa: Lacca Kan Zumuncin Ma'aikatan Wuta

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugabannin reshe, iyayenmu 'yan fansho da ke zaune a sahun gaba, 'yan uwa ma'aikata maza da mata, barkanmu da war haka.

An nemi a yi magana kan zumunci a ƙungiyar ma'aikatan lantarki. Bari mu ɗan waiwaya kaɗan, don matasan cikinmu su san inda aka fito. A 1972 aka haɗe ECN, tsohuwar hukumar lantarki ta ƙasa, da hukumar madatsun ruwan Neja aka samar da NEPA. A wancan zamani ubangida ɗaya ne, ko a Kano kake ko a Inugu, tsarin albashi da na ƙarin girma iri ɗaya. A 2005 NEPA ta koma kamfanin PHCN, sannan ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa kamfanonin da aka fitar daga cikinsa ga 'yan kasuwa. Yau kamfanonin rarraba wuta da aka gada daga PHCN guda 11 ne, ga masu samar da ita, ga TCN mai dakon wutar a manyan layuka, wadda ta rage a hannun gwamnati. Kano, Katsina da Jigawa na ƙarƙashin kamfani guda. Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi na ƙarƙashin wani. Kowane da nasa sharuɗɗan aiki. Shi ya sa nauyin da uwar ƙungiya ke ɗauka a da, da yawansa ya sauko kan reshe.

Kowa ya san ƙarfin NUEE, uwar ƙungiyarmu ta ma'aikatan lantarki, a sama. Babban sakatarenta na lokacin, Joe Ajaero, shi ne ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 2023, kuma kun ga yadda ƙasa ta yi duhu ranar 3 ga Yuni 2024 da aka shiga yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi. Amma yajin aiki abu ne na lokaci zuwa lokaci. Abin da ake yi kullum shi ne hawa falwaya, kuma a nan ne zumuncinmu ya bambanta da na kowace sana'a, domin wanda ya hau ya damƙa ransa a hannun mutum biyu: wanda ya kashe fida, wato babban layin da ke kawo wuta daga tasha, da wanda ke riƙe masa tsani.

To, mu tsaya a nan, don nan ne ake rasa rayuka. Kafin a taɓa layin 11kV ko 33kV, wato mai bolt 11,000 ko 33,000, sai an karɓi takardar izinin aiki, an buɗe layin daga inda wuta ke shigowa, an kulle an rataya alama, mabuɗi yana aljihun mai aikin. Sai a gwada layin da abin gwaji, shi kansa abin gwajin a tabbatar yana aiki kafin da bayan gwaji. Sai a ɗaura wayar ƙasa, wadda ke zubar da duk wutar da ta shigo layin zuwa cikin ƙasa: a fara haɗa ta da ƙasa tukuna, sannan a kama layukan uku. Wajen cirewa kuma a fara da layi, a ƙare da ƙasa. A ɗaura ta ɓangarori biyu na wurin aiki, gaba da baya.

Me ya sa ɓangarori biyu, alhali an kashe fida? Saboda janareta da inbata. Mai shago ya tayar da injinsa ba tare da makunnin sauya layi ba, wanda ke raba wutar janareta da ta kamfani, wutarsa ta bi wayar sabis ta koma taransifoma. Ita kuwa taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauke bolt 11,000 zuwa 415, haka za ta ɗaga 'yar wutar janareta zuwa dubban bolt a kan layin da kake riƙe da shi. Wani zai ce ai ƙaramin inji ne, lodin maƙwabta zai kashe shi nan take. Haka ne, sau da yawa zai mutu, amma ɗan lokacin da ya yi kafin ya mutu ya isa. Wutar da ta kai miliyamfiya 50 tana iya rikita bugun zuciya, ka ga ko kwan fitila ta fi haka ja.

Haka safar hannu. Kowace da ajinta: ta aji 0 iyakarta bolt 1,000, ta aji 2 tana kaiwa 17,000, ta aji 4 kuma 36,000. A hura mata iska a naɗe bakinta a saurara kafin a saka. Huji kamar na allura ya mayar da ita safar banza. Falwayar katako kuma a gindi take ruɓewa, daidai inda ta haɗu da ƙasa, sama tana nan kamar lafiya lau. A tona kaɗan, a ƙwanƙwasa da guduma.

Ina ƙungiya ta shigo a nan? Ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai ba zai iya kallon ogansa ya ce ba zan hau ba sai an kawo wayar ƙasa. Gobe za a ce ya cika taurin kai. Amma idan reshe ya zauna ya yanke cewa babu mai hawa sai kayan nan sun cika, aka rubuta, aka kai wa hukumar gudanarwa, to ƙin hawan ya zama matsayin kowa. Sharaɗin ɗaya ne, kada wani ya zagaya ya hau bayan ɗan uwansa ya ƙi. Ranar da aka yi haka, an karya dokar, an kuma bar wanda ya ƙi a rana. Ya kamata kowace tawaga ta kasance da wanda ya iya danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya: dannawa 30, hura numfashi 2, cikin saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti. Wanda wuta ta ja ya suma, ba a ɗura masa ruwa ko madara. Ko ya farfaɗo ya ce garau yake, a kai shi asibiti, don ƙunar lantarki tana cin ciki fiye da abin da fata ke nunawa.

Sai maganar asusu. Kuɗin ƙungiya da ake cira daga albashi daban, asusun taimakon juna na reshe daban, kada a gauraya su. A ƙaddara reshe mai mutum 120, kowa na zuba naira 1,000 a wata. Naira 120,000 ke nan, a shekara miliyan 1 da dubu 440. Kuɗi ne mai ɗan kauri, amma biki da suna kaɗai za su iya cinye shi kafin damina idan ba a rubuta ƙa'ida ba. A ware kaso na rasuwa da haɗari wanda ba a taɓawa don shagali. A rubuta nawa ake ba wanda ya rasa mahaifi, nawa ake ba iyalin mamba, don kada ya zama wanda ke da baki a wurin shugaba shi ke samun mai tsoka. Sa hannun mutum biyu cikin uku kafin a fitar da ko sisi, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku, mai binciken kuɗi kuma kada ya fito daga cikin shugabanni. Abin da ya fi kashe irin wannan asusu shi ne rance. Ana ba da shi da kunya, ana kuma jin kunyar tambaya. In za a ba da rance, a buɗe ƙungiyar gama kai mai rajista da littafinta. Adashe ma a bar shi tsakanin masu zubi da uwar adashensu.

Gudummawar aljihu tana da daɗi, amma babban taimakon da reshe zai yi wa iyalin mamaci yana cikin takardu. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a NSITF, hukumar da ke biyan diyyar. Wanda ya ji rauni, ko iyalinsa, su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, a kuma shigar da neman diyya cikin shekara guda. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8, sannan a yi wa kowane ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Matar da ke takaba ba za ta bi ofis-ofis ba. Sakataren walwala ne zai karɓo rahoton haɗari, takardar asibiti da shaidar rasuwa, ya bi fayil ɗin har ya fita. Kuma don Allah, kowa ya duba sunan magajin da ya rubuta a takardunsa na aiki. Wani tun yana saurayi ya sa sunan yayansa, yau yana da mata da 'ya'ya bakwai, takardar tana nan yadda take.

Akwai waɗanda ba sa cikin zauren nan, kuma ya kamata mu ji kunyar hakan. Yaran kwangila da na wucin gadi, su ake turawa yankan wuta a unguwa, su ke shan zagi, wani lokaci har duka, su ke hawa tsani ɗaya da mu. Idan ɗayansu ya faɗo, sai ka ji ana tambayar ko mamba ne. Reshe ya buɗe musu rajista, sunan kowa da kamfanin da ya ɗauke shi da lambar wani nasa, a gayyace su horon kare kai, a kuma sa batun tabbatar da su cikin abin da za a kai teburin sulhu. Haka masu wayarin gidaje na cikin gari, waɗanda NEMSA, hukumar kula da ingancin aikin lantarki, ke ba wa shaidar ƙwarewa. Su ne ke haɗa janareta da sola a gidajen da muke aiki a ƙofarsu. Zama ɗaya da shugabanninsu duk wata shida kan makunnin sauya layi zai rage mana wutar da ke dawowa ta baya.

Iyayenmu 'yan fansho kuma, ku gafarce mu, zumunci a ƙafa yake kuma mun yi sakaci. Yawancin tsofaffin layukan garin nan babu cikakken zanensu a takarda. Inda kebul ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, da inda aka taɓa haɗa fida biyu, yana cikin kawunanku. Muna roƙon sakatare ya tsara zama da ku kafin taro na gaba, a zo da taswira da biro, a fara da fidojin cikin birni.