Alexandre Dumas, jikan baiwa da jaridun Faransa suka yi ta rububinsa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau Faransa muka nufa, wajen wani marubuci da alƙalami ya kawo masa kuɗi na fitar hankali, shi kuma ya bi su ya cinye tas. Sunansa Alexandre Dumas, an haife shi ranar 24 ga Yuli 1802 a wani ƙaramin gari, Villers-Cotterêts.

Bari mu fara da asalinsa. Kakarsa ta wajen uba, Marie-Cessette, baiwa ce baƙar fata 'yar asalin Afirka a tsibirin da yanzu ake kira Haiti, kakan nasa kuma wani basarake ne Bafaranshe. Ɗan da suka haifa, Thomas-Alexandre, ya shiga soja har ya kai janar, ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, a hanyar dawowa aka kama shi a kudancin Italiya aka kulle shi wajen shekara biyu, ya fito ba lafiya, ya rasu a 1806 yaron bai ma cika shekara huɗu ba. Uwar ce ta yi ta fama da shi cikin rashi.

Da ya girma ya shiga Paris, kuma kun san me ya samar masa aiki? Kyan rubutun hannu. Aka ɗauke shi akawu a ofishin Louis-Philippe, wanda daga baya ya zama sarkin Faransa. Da rana yana kwafar takardu, da dare yana rubuta wasan kwaikwayo. A 1829 aka nuna wasansa Henri III et sa cour a dandalin Comédie-Française, gari ya ɗauka, 1831 kuma wani wasan nasa mai suna Antony ya biyo baya. Wato tun kafin a san shi da littafi, mutumin dandali ne, kuma a can ya koyi abin da ya ciyar da shi: inda za ka yanke magana ka bar mai kallo baki buɗe.

To ana cikin haka sai harkar jarida ta canza. A 1836 jaridu biyu, La Presse da Le Siècle, suka karya farashi, suka koma dogaro da talla, to mai talla kuma jama'a yake nema, shi ne aka fara sa labari gutsi-gutsi a ƙasan shafi don mutum ya dawo ya sayi ta gobe. Kamar dai littattafan da ake karantawa a rediyo, daidai inda daɗi ya zo sai ka ji an ce mu haɗu gobe. Wannan aiki kamar don Dumas aka yi shi. A 1844 Les Trois Mousquetaires ya fito a Le Siècle, a shekarar dai Le Comte de Monte-Cristo ya fara fitowa a Journal des Débats har zuwa 1846, labarin mutumin da aka ɗaure bisa ƙage ya fito ya ɗau fansa. Ku tuna da babansa a kurkukun Italiya. Kuma da layi ake biyansa, shi ya sa za ka ga hirar mutanensa gajeru-gajeru, tambaya layi ɗaya amsa layi ɗaya. Wayo ne, amma wlh ya sa labarin gudu.

Sai dai fa ba shi kaɗai yake rubutun ba. Akwai Auguste Maquet, malamin tarihi, shi ke tono labari ya tsara ƙashin bayansa, Dumas ya zo ya zuba masa rai. A 1845 wani Eugène de Mirecourt ya fitar da ƙasida yana cewa masana'antar littafi Dumas ya buɗe, ya haɗa da zagin launin fatarsa, Dumas ya kai shi kotu ya yi nasara. Shi ma Maquet daga baya sai da ya kai ƙara, amma sunansa bai hau bangon littattafan ba. Ni dai a ganina an danne shi, ko da yake abin da ya rubuta shi kaɗai bai yi ko kusa da wannan tashe ba.

Kuɗin kuwa? Ya gina katafaren gida a Port-Marly ya sa masa suna Monte-Cristo, kullum cike da baƙi da 'yan cin banza, ya buɗe nasa dandalin Théâtre Historique a 1847, cikin 'yan shekaru gidan ya tafi, dandalin ya karye, a 1851 ya tsallaka Brussels masu bin bashi na biye da shi. Ya dawo ya kafa jaridarsa Le Mousquetaire a 1853, ya zaga Rasha, a 1860 ya bi Garibaldi a yaƙin haɗe kan Italiya, a Naples ma sai da ya buɗe wata jaridar, L'Indipendente. Mutumin nan ba ya zama.

Ya rasu ranar 5 ga Disamba 1870 a gidan ɗansa kusa da Dieppe, kusan ba ko sisi, ɗan ma marubuci ne kuma sunansu ɗaya, kar ku rikita su. Littafin da ya ƙarasa rayuwarsa a kai ma na girke-girke ne, don gwanin abinci ne na gaske, an buga shi a 1873. Sai a 2002, lokacin shugaba Jacques Chirac, aka ɗauko gawarsa aka kai Panthéon, inda Faransa ke ajiye manyanta irin su Victor Hugo da Émile Zola.