Sarauniya Elizabeth ta Biyu: shekara 70 a kan karagar Ingila

Ran 6 ga Fabrairun 1952, wata matashiya mai shekara 25 ta wayi gari a dajin Kenya, inda ta kwana a wani masaukin katako da aka kafa a kan bishiya tana kallon namun daji. Cikin daren nan mahaifinta, Sarki George na Shida, ya cika a cikin barci a can Ingila, ita ba ta sani ba. Sai da rana ta yi mijinta Philip ya ja ta gefe ya faɗa mata. Ta koma Landan da baƙaƙen kaya, firaminista Winston Churchill na tsaye a filin jirgi yana jiran sabuwar sarauniyarsa.

Da farko ba ita aka yi wa tanadin gadon ba. Da aka haife ta ran 21 ga Afrilun 1926, wan mahaifinta, Edward, shi ne yarima mai jiran gado. Ya hau a 1936, amma bai cika shekara ba ya yi murabus, domin ya dage sai ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiyar da aurenta biyu suka mutu, coci da gwamnati kuwa suka ce atafau. Sarauta ta faɗo gidansu Elizabeth tana 'yar shekara 10. Ta ga yadda nauyin ya ci mahaifinta, mutum mai kunya da i'ina, wanda yaƙin duniya na biyu ya faɗa wa a ka. Ranar da ta cika shekara 21, daga birnin Cape Town, ta yi alkawari ta rediyo cewa rayuwarta duka, doguwa ce ko gajera, a hidimar jama'a za ta ƙare. Ba ta taɓa sauka daga wannan maganar ba.

To mene ne aikin nata? Masu kallo, a Birtaniya sarauta daban, mulki daban. Mulki na hannun majalisa da firaminista. A zamaninta, Sarauniya takan buɗe majalisa, amma jawabin da za ta karanta gwamnati ce ke rubuta mata. Takan sa hannu a doka ko ta yi mata daɗi ko ba ta yi ba. Kusan kullum ana kawo mata takardun gwamnati cikin jan akwati ta karanta, sannan duk mako ta keɓe da firaminista, daga ita sai shi, ba mai rubuta abin da aka tattauna. Ta yi haka da firaministoci 15. Na farkonsu, Churchill, haihuwar 1874 ne, ta ƙarshensu, Liz Truss, haihuwar 1975. Duk tsawon wannan zamani ba ta taɓa fitowa fili ta ce ga jam'iyyar da take so ba, kuma a ganina riƙe bakin nan ne ya riƙe mata gadon.

Mu ma ta taka ƙasarmu. A farkon 1956 ta yi kusan mako uku a Nijeriya, ta je Legas, Inugu, Jos da Kano. A Kaduna aka yi mata gagarumin hawan daba, sarakunan Arewa suka hallara da dubban mahaya, ga 'yan lifidi, ga kakaki da algaita, Sardauna Ahmadu Bello na Firimiyan Jihar Arewa. Ko bayan samun 'yancin kai a 1960, ita ce Sarauniyar Nijeriya a hukumance, sai ran 1 ga Oktoban 1963 da ƙasar ta zama jamhuriya, Nnamdi Azikiwe ya zama shugaban ƙasa. Ta sake dawowa a 2003, taron ƙasashe rainon Ingila a Abuja.

Sai dai shirun nan yana da wata fuska, kuma bai kamata mu tsallake ta ba. A Kenyar da sarauta ta riske ta, a wannan shekarar ta 1952, Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar ta-ɓaci don murƙushe 'yan Mau Mau, masu yaƙar mulkin mallaka. An tsare dubun dubatar mutane a sansanoni, an gana musu azaba, da sunan gwamnatin Sarauniya. Sai a 2013 gwamnatin Birtaniya ta nuna nadama, ta biya mutum 5,228 diyyar kusan fam miliyan 20. Daga bakin Sarauniya kuwa ba a ji neman gafara a kai ba. Masu kare ta suna cewa tsarin mulki ne ya ɗaure mata harshe. Gaskiya ne, amma tsohon da aka nakasa a sansani yana da haƙƙin ya ce wannan amsar ba ta ishe shi ba.

A gida ma shirun ya taɓa juye mata. A 1966, da tsaunin sharar kwal ya rufto wa makaranta a ƙauyen Aberfan na yankin Wales, mutum 144 suka mutu, 116 yara ne, ta yi kwana takwas kafin ta je jaje. A 1997, da Gimbiya Diana, tsohuwar matar ɗanta Charles, ta rasu a haɗarin mota a Paris, Sarauniya ta ci gaba da zama a Balmoral, gidanta da ke Scotland, da jikokinta biyu, 'ya'yan Diana, talakawa na ta ƙorafi a ƙofar fada, sai a rana ta biyar ta dawo Landan ta yi wa ƙasa jawabi. Daga baya ta nuna ta san yin magana ba tare da buɗe baki ba: a 2011, a Dublin, ta tsaya ta sunkuyar da kai a gaban wurin tunawa da mutanen Ireland da suka mutu suna yaƙar mulkin Ingila.

A 2015 ta wuce Sarauniya Victoria daɗewa a kan gado. Philip ya rasu a 2021 bayan aure na shekara 73, duniya ta gan ta zaune ita kaɗai a coci saboda dokar korona. Ran 6 ga Satumban 2022, tana dogara sanda, ta karɓi Liz Truss a Balmoral ta umarce ta da kafa gwamnati. Bayan kwana biyu ta rasu, tana da shekara 96.

Ranar jana'izarta a Windsor, aka sauke kambun sarauta daga kan akwatin gawar. Babban jami'in fadarta ya matso, ya karya sandar muƙaminsa gida biyu ya ɗora a kai, sannan aka sauke akwatin ƙasa.