Ɗan Sahu, Keke ko Taka Sayyada?

Nura: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Yau hirarmu kan yadda ɗalibi ke isa aji ne a Kano. Sadiƙ, kai da ke Sabuwar Jami'ar Bayero, yaya kake yi?

Sadiƙ: Aljihu ke yanke hukunci, mutumina. Daga Gwale nake fitowa. Ɗan sahu, wato mai babur ɗin Adaidaita Sahu mai ƙafa uku, ya sauke ni a Kabuga, in sake hawa wani ya bi da ni titin Gwarzo. Ranar da ba nauyi kuwa, a Rijiyar Zaki nake sauka in ƙarasa da sayyada.

Hauwa: A zafin Afrilu? Ka isa lacca kamar an tsamo ka daga rijiya.

Sadiƙ: To ya na iya? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin da a da zai kai ni ya dawo da ni, yanzu da kyar ya kai ni.

Nura: Yayyenmu a kan acaɓa suka yi nasu karatun. A 2013 aka hana shi ɗaukar fasinja, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Daga nan Adaidaita Sahu, da aka kawo zamanin Malam Shekarau, ya mamaye titi. Amma ni abin da ke ɗaure min kai shi ne keke. Kano fa shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara. Keke ba ya shan mai, daga faci sai man kaca. Me ya hana?

Sadiƙ: In faɗi gaskiya? Jin kai. Ka shigo a keke, 'yan ajinku su ce ga mai gyaran famfo ya iso.

Nura: Ƙafa ba ta zubar da aji ba sai keke?

Sadiƙ: Mai ƙafa ai yana iya cewa yanzu aka sauke shi a bakin get!

Hauwa: Ku dai ku yi ta dariya, kuna da zaɓi. Mace nawa kuka taɓa gani a kan keke a titin Kabuga? Ranar da na gwada, kafin magariba labari ya isa gidanmu. Tafiyar ƙafa kuma, in an tashi lacca ƙarfe shida, Umma ba za ta yarda ba. Dole ɗan sahu, ko mu huɗu mu haɗa kuɗi mu ɗauki shata.

Nura: Wallahi ban kawo wannan a raina ba, Malama Hauwa.

Hauwa: Ko ku ɗin ma, titin Gwarzo ba a ware wa mai keke hanya ba. Ga tifa, ga ɗan sahu da ke tsayawa ba sigina.

Sadiƙ: Akwai dai tsohon keken Baba a zaure, birki kawai yake so. Zan gwada ran Litinin, amma nesa da sashenmu zan jingine shi.